Jirgin Sama da Ɗumamar Duniya

Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano. Guda uku ne, na sojan Ingila, daga Masar suka taso. Ba filin jirgi a lokacin, sai suka sauka a filin sukuwa.

A zamanin nan mai niyyar aikin haji kan bi ta Barno da Wadai da Darfur, a ƙafa ko bisa jaki, ya yi shekaru a hanya. Waɗansu ba su komo ba har abada. Yau kuwa daga Kano zuwa Jidda kamar awa biyar ce. Wannan alheri ne, ba mai musu.

To, amma jirgi yana da ci. Abincinsa kananzir ne, ɗan'uwan na fitila, sai dai an ƙara tace shi. In ya ƙona kilo 1, yakan fid da fiye da kilo 3 na wata iska da a ke kira kabon. Kada ka yi mamaki, wajen ƙonewa man kan haɗu da iskar da mu ke shaƙa, shi ya sa nauyin ya ƙaru. Kabon ba a ganinta, ba ta da wari. Sai ta taru a sama kamar bargo, ta hana zafin ƙasa fita. Wani sashe nata kan yi ɗaruruwan shekaru bai gushe ba.

Ka taɓa ganin farin layin nan da jirgi ke ja a baya? Tururi ne ya daskare don sanyin sama, ya zama siririn gajimare. Shi ma yana tsare zafi, musamman da dare.

A 1970 an ɗauki fasinja kamar miliyan 310 a duniya duka. A 2019 sun kai miliyan 4,500. Jiragen yanzu ba su shan mai kamar na dā, amma yawan tafiya ya cinye ragowar. Cikin kashi 100 na kabon da 'yan Adam ke fitarwa, kamar kashi 2 da rabi na jiragen sama ne.

Wani ya ce ai kaɗan ne. I, amma dubi masu shiga. Masana sun lissafa a 2018 mutum 11 kaɗai cikin 100 suka hau jirgi, kuma mutum 1 cikin 100 shi ke da rabin kabon na jiragen fasinja. Manomin da bai taɓa taka filin jirgi ba, zafin bazara da rikicewar damina ba su ƙyale gonarsa ba.

Waɗansu ƙasashe sun fara motsi. A 2023 Faransa ta hana jirgin sama jigila tsakanin waɗansu garuruwanta, inda jirgin ƙasa ke kai mutum cikin awa biyu da rabi.