Kwana Ukun Rehobowam

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, matso kusa, domin muryata ba ta kai nesa kamar dā. Tun da aka fara ɗora maka ɗan nauyin jama'a nake lura da waɗanda ke zama a gefenka, saboda haka nake so mu duba wani sarki tare, Rehobowam ɗan Sulemanu, wanda labarinsa ke cikin Littafi Mai Tsarki, Sarakuna na fari, sura 12.

Kafin ka ga laifinsa, fara sanin abin da ya gada. Sulemanu ya yi shekara 40 a kan gadon sarauta, ya gina Haikali cikin shekara 7, fadarsa kuma ta ci shekara 13, kuma duk wannan gini a wuyan talakawa ya hau. Mutum 30,000 aka ɗiba aikin tilas, ana tura 10,000 Lebanon kowane wata, su yi wata ɗaya can, wata biyu a gida. Ga kuma hakimai 12 da aka raba wa ƙasar, kowannensu ya ciyar da fada wata guda a shekara. Saboda haka da Sulemanu ya rasu, jama'a suka taru a Shekem don naɗa ɗansa, sun zo ne da gajiyar shekaru. Yerobowam ɗan Nebat, wanda ya taɓa gudu Masar don tsoron Sulemanu, yana cikin masu magana. Ka lura, ba tawaye suka zo yi ba. Sun roƙi a sassauta musu ne, su kuwa su yi masa biyayya.

Rehobowam ya ce su ba shi kwana uku, kuma a nan ban ga aibinsa ba, domin wanda ya iya riƙe bakinsa kwana uku ya kama hanya. Ya kira dattawan da suka yi wa mahaifinsa hidima, suka ce ya ƙasƙantar da kai ga mutanen nan, ya amsa musu da tattausan harshe, za su zama nasa muddin ransa. Waɗannan tsofaffi sun ga yadda aka tara dukiyar, sun kuma san wanda ya ɗauki nauyinta, ba su da wata riba a cikin maganar sai zaman lafiyar ɗan maigidansu.

To, ga wurin da nake so ka tsaya, ɗana. Idan ka karanta a hankali za ka ga ya riga ya yi watsi da shawarar dattawa tun kafin ya buɗe baki ya tambayi abokan tasowarsa. Ke nan lokacin da ya je wurinsu ya gama yanke hukunci a zuciyarsa, masu sa masa hannu yake nema. Su kuwa suka ba shi abin da kunnensa ke so: ya nuna wa jama'a ya fi ubansa ƙarfi, inda uban ya yi horo da bulala shi ya yi da kunamai. Kada kuma ka ce ƙuruciya ce ta ja shi, domin shekararsa 41 sa'ad da ya hau sarauta. Na ga masu furfura da yawa da ke yawo gida gida da sunan neman shawara, alhali duk wanda ya faɗa musu gaskiya sai su ce ba ya ƙaunarsu, su wuce gaba har su dace da mai cewa ranka ya daɗe, daidai ne. Irin wannan ita ce wautar da littafin Karin Magana ke yawan kuka da ita. Mai ita yakan kasance da kaifin ƙwaƙwalwa, har da ilimi, sai dai ya toshe ƙofar da gyara zai shigo.

A rana ta uku Rehobowam ya faɗa wa jama'a baƙar maganar, kabilu goma suka juya masa baya. Magana zarar bunu ce. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne abin da ya yi bayan haka, domin duk cikin fadawansa bai ga wanda zai aika wurin mutanen da suka fusata ba sai Adoniram, shugaban aikin tilas, wato mutumin da suka fi jin zafinsa. Suka jajjefe shi har ya mutu, sarki ya yi wuf ya hau karusa ya tsere Urushalima. Gaskiya ne Littafin ya nuna rabuwar nan cikar maganar Ubangiji ce ta bakin annabi Ahija, amma hakan bai wanke Rehobowam ba, da bakinsa ya yi maganar, da hannunsa ya zaɓi manzon.

Kada ka ɗauka wannan ciwon sarakuna ne kaɗai. Nabal, a Sama'ila na fari sura 25, attajiri ne mai tumaki 3,000 da awaki 1,000, ya zagi manzannin Dawuda da suka zo roƙon abinci ranar sausayar tumaki. Da baransa ya hango masifa, wurin matarsa Abigail ya tafi, domin ya san maigidan ba mai jin magana ba ne. Ita ta ɗora abinci a kan jakuna ta tari Dawuda a hanya yana tafe da mutum 400 masu takuba, ta ceci gidan. Saboda haka, ɗana, ka riƙa duba gidanka da wurin aikinka: in matarka, ko ƙanenka, ko yaron shagonka sun fara kewaye ka suna kai damuwarsu wani wuri, kada ka yi fushi da su, ka tambayi kanka yaushe ka daina jin magana. In kuma tsoho ya faɗa maka abin da ya yi maka ɗaci, ka yi masa godiya, ka kwana da maganar kafin ka kai ta gaban abokanka, domin shi ba kujerarka yake nema ba.

Ba zan zalunci Rehobowam ba, akwai ranar da ya ji magana. Ya tara mayaƙa 180,000 daga Yahuza da Biliyaminu zai dawo da ƙasar da ƙarfin tsiya, sai mutumin Allah Shemaiya ya zo ya ce kada su yaƙi ƴan'uwansu, suka kuwa koma gidajensu, jinin da zai zuba a ranar bai zuba ba. Amma abin da ya tsage a Shekem bai ɗinku ba. A shekara ta biyar ta sarautarsa Shishak sarkin Masar ya auka wa Urushalima ya kwashe dukiyar Haikali da ta fada, har da garkuwoyin zinariya da Sulemanu ya ƙera, Rehobowam ya maye gurbinsu da na tagulla. Shekara 17 ya yi yana mulkin ragowar ƙasar, kuma shi da Yerobowam, wanda kabilu goman suka naɗa sarki, ba su daina yaƙi ba har ya rasu.