Amsoshin Tambayoyinku: Ƙungiyar Gudu Mai Aikin Gayya, Za Ta Yiwu a Arlit?

TAMBAYA

 Ni matashi ne mazaunin Akokan da ke Arlit. Tun da aka rufe kamfanin haƙar yuraniyom na COMINAK yawancinmu a fada muke wuni, daga shayi sai latsa waya. Kwanakin baya na ga hoton wasu Turawa a Facebook suna gudu a ƙungiya, kowa riƙe da buhu suna tsince shara, an ce har gidajen tsofaffi suke zuwa su taya su aiki. Abin ya burge ni. Da na kawo maganar a fadarmu, wasu suka ce wannan aikin ƙoshi ne, wasu kuma suka ce shara hakkin ma'aikatar magajin gari ce. Malam, irin wannan zai yiwu a garinmu? In zai yiwu, ta ina za mu fara?

Daga wani mai karatu, Akokan, jihar Agadas

AMSA

 Zai yiwu, kuma ina so ku yi shi. Amma kada ku ɗauko shi yadda ka gan shi a hoto, domin ƙasar da waɗancan suke takawa daban take da wadda kuke takawa. Ka yi haƙuri mu bi maganar sannu a hankali.

Abin da ka gani yana da asali. A 2009 wani matashi mai suna Ivo Gormley ya kafa ƙungiyar GoodGym a unguwar Tower Hamlets da ke gabashin Landan. Abin da ya dame shi shi ne yadda mutane ke biyan kuɗi su shiga ɗakin motsa jiki, su yi ta ɗaga ƙarfe da gudu a kan inji, gumi na zuba amma ƙarfin bai amfani kowa ba, alhali a unguwar akwai tsohon da zai yi kwanaki bai ga mai ce masa sannu ba. Shi da kansa ya fara da gudu zuwa gidan wani dattijo yana kai masa jarida. Daga baya abin ya bunƙasa ya bazu garuruwan Ingila. Wani lokaci su taru su yi gudu zuwa wani lambu ko makaranta, su yi aiki, su dawo da gudu. Wani lokaci mutum biyu ko uku su je su kawar wa tsoho kaya masu nauyi. Wani kuma a haɗa shi da dattijo guda, ya riƙa kai masa ziyara duk mako. Na masu buhun shara kuwa daga Suwidin ya taso wajen 2016, ta hannun wani mai suna Erik Ahlström, wanda sharar titunan birnin Stockholm ta ishe shi.

To ka gaya wa abokanka masu cewa aikin ƙoshi ne, gudun ne kawai baƙo a nan. Aikin kuwa gayya ce, wadda kakanninmu ke kira a nome gonar tsoho ko ta maras lafiya, a yaɓe ɗakin wanda ruwa ya rushe wa, a yashe rijiya, ba don lada ba sai fura da kiɗan ganga. Iyayenku ma sun ga nasu zubin. A zamanin Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da Samariya a kowace unguwa, da sarkin samarinta, suna gina ajin makaranta, suna share tituna, suna dashen itace. Ka tambayi duk dattijon da ya haura shekara sittin a unguwarku, zai ba ka labari. Samariya ta dushe bayan shigowar jam'iyyu a farkon shekarun 1990, sai fada ta maye gurbinta wajen tara matasa. Ba na raina fada. Kun riga kun samu abin da ƙungiyoyi da yawa ke wahalar nema, wato mutanen da suka san juna, suke haɗuwa kullum a wuri guda, suke haɗa kuɗin sukari ba tare da rigima ba. Abin da ya rage shi ne a tashi daga kan benci na awa ɗaya.

Kuma jiki na bukatar hakan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi irin gudu. Matashin da ke wuni zaune yana shan shayi mai sukari kofi bayan kofi, hawan jini da ciwon sukari ba sa tambayarsa ko yana da aiki ko ba shi da shi. Rashin aikin ma shi ya fi sa a nemi abin da zai fitar da mutum da asuba, domin zaman da ba a san ranar ƙarewarsa ba yana cinye zuciya.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, domin a nan garinku ya bambanta da Landan, ya bambanta ma da Maraɗi da Damagaram.

Arlit gari ne da yuraniyom ya haifa. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ta fara fitar da ma'adini a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ta fara aiki a 1978, aka rufe ta ranar 31 ga Maris 2021. A cikin waɗannan shekaru COMINAK kaɗai ta tara dusar ma'adini kimanin tan miliyan 20 a fili, wadda aka tsara rufewa da yumɓu da duwatsu. Wannan dusa tana fitar da tururin da ido ba ya gani, hanci ba ya jin warinsa. Tun 2003 masu bincike na CRIIRAD daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen da ke nan garinku, suka nuna cewa tsofaffin ƙarafan da suka fito daga ma'adinai suna yawo a kasuwa ɗauke da wannan tururi, mutane na ƙera tukwane da su, suna rufin ɗaki. A Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna titunan Akokan, ta samu wurin da tururin ya kai kusan ninki 500 na yadda aka saba, saboda an yi ciko da duwatsun da aka fito da su daga rami. An kwashe wuraren da aka gano bayan haka. Ɗiyar garinku Amina Weira ta yi fim a kan wannan damuwa a 2016.

Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba, kai ka fi ni sanin garin. Na kawo ne don ka ga cewa abin da ya fi sauƙin kwaikwaya a hoton da ka gani, wato a duƙa a tsinci duk abin da aka samu a hanya, shi ne wanda ya fi bukatar hattara a wurinku. Mai gudu yana shaƙar iska ninkin-ba-ninkin na mai tafiya, kuma da baki yake shaƙa, ƙura ta wuce kai tsaye zuwa ƙirji. Saboda haka hanyar gudunku ta zama cikin unguwanni da filin ƙwallo, kada ku nufi wajen ma'adinai ko tsibin dusa don neman fili mai faɗi. Ranar da iska ta taso da ƙura, a fasa gudu, ba ragwanci ba ne. In za ku yi shara, ku tsaya ga leda da robobi da gwangwanin abinci, da safar hannu da takunkumi, a yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya. Tsohon bututu, guntun injin, buhun masana'anta, dutsen da ba ku san daga inda aka zubo shi ba, kada ku ɗauka, kada ku tara su don a sayar a samu kuɗin ƙungiya. Ku lura da wurin, ku sanar da hukuma da masu na'urar awo. Kafin ku fara ma, ku je ku gaida mutanen Aghirin'man, ku nemi su gaya muku wuraren da suka sani. Sun fi shekara ashirin suna wannan aiki.

Abokanka da suka ce shara hakkin magajin gari ce suna da gaskiya, kuma gaskiyar tasu za ta amfane ku. Sharar da aka tara ba a kwashe ba, iska za ta mayar da ita inda ta fito kafin la'asar, ƙona leda kuwa cutar da maƙwabta ne. Don haka kada ku sa ranar shara sai kun samu alkawarin amalanke ko motar da za ta kai ta juji.

In ka tambaye ni, shara ba ita ce aikin da ya fi cancanta da ku ba. Tsofaffi ne. Ka dubi yadda garinku ya taru. Kusan kowa zuwa ya yi: daga Tawa, daga Maraɗi, daga Damagaram, daga Dosso, daga tsaunukan Ayar. Mutum ya bar danginsa kilomita ɗaruruwa, ya yi shekara talatin a rami, ya yi ritaya, ya zauna saboda a nan ya gina gida. 'Ya'yansa kuma tun da aka gano zinariya a Djado da Tchibarakaten a 2014 sun bi ta, wasu sun haura Aljeriya, wasu sun koma Yamai. A ƙauye irin wannan dattijo yana da ƙanne da jikoki kewaye da shi. A Arlit yana iya zama shi da matarsa kawai, ko matar ita kaɗai bayan rasuwarsa. Waɗannan su ne masu bukatar wanda zai ɗebo musu ruwa, ya gyara ƙofar da ta karye, ya karɓo magani, ya raka su asibiti, ko ya zauna minti ashirin a yi hira. Ku je wurin mai unguwa da limamin masallaci, sun san gidajen. A raba ku biyu-biyu, kowane biyu da gidansu, ranar da aka sa ba a saɓawa. Kuma kada a ɗauki hoton kowa a sa a waya. Mutumin da ya ciyar da iyali da guminsa shekara da shekaru ba ya son a nuna shi duniya a matsayin abin tausayi, kuma yana da gaskiya.

Aiki na biyu da nake so ku duba shi ne itace. Kowace 3 ga Agusta ana dashen itace a Nijar, al'adar da ta samo asali tun zamanin Kountché. Dasawa ba ta da wuya, ban-ruwa ne ke gagara, balle a garin da ruwan sama bai taka kara ya karya ba. Ku zaɓi itace goma a harabar wata makaranta, irin masu jure ƙishi kamar aduwa da magarya da kandili, ku kewaye su don awaki, ku mai da makarantar ta zama ƙarshen gudunku. A isa, a cika jarka, a ba su ruwa, a dawo. Goma da suka rayu sun fi ɗari biyu da aka yi wa biki suka bushe.

Batun lokaci ba ya bukatar dogon bayani. Daga sallar asuba zuwa fitowar rana, shi ke nan, musamman daga Afrilu zuwa Yuni da zafi ke haura digiri 40. Kowa ya zo da gorar ruwansa. A watan azumi a mai da shi tafiya bayan tarawihi. Masu farawa su haɗa sassarfa da tafiya, minti ɗaya wannan minti biyu wancan, har jiki ya saba, kuma a sa mutum ɗaya mai haƙuri a ƙarshen layi don kada a bar kowa a baya. Duk wanda ya taɓa aikin rami, ko yake tari mai daɗewa, ko yake da hawan jini, ya ga likita tukuna. Takalmi kowane iri ne in dai ya rufe ƙafa, gwanjo ma ya isa. 'Yan'uwanku mata kuma kada a manta da su: a ba su ranarsu da filin makaranta mai katanga, su tsara nasu da kansu, kuma su ne suka fi dacewa da shiga gidajen da mata tsofaffi ke zaune su kaɗai.

Saura abu biyu da ke kashe irin wannan tafiya. Na farko rashin sanar da hukuma. Samari ashirin suna gudu da duhun asuba a garin da ke da ma'adinai da sojoji, kusa da iyaka, dole a tambayi ko su wane ne. Ku kai wa mai unguwa da 'yan sanda sunayenku da hanyarku da ranakunku tun kafin fitar farko. Na biyu kuɗi da siyasa. Da zarar an fara ganin amfaninku, wani zai zo da riguna masu hotonsa, wani zai ce a rubuta takardar neman tallafi. Daga ranar da aka fara rabon kuɗin zama, wanda bai samu ba zai daina zuwa, wanda ya samu kuma ba zai sake fitowa kyauta ba. Ku haɗa ɗan abin da kuke iyawa kamar yadda kuke haɗa na shayi, ku sayi safar hannu da jarkoki, a rubuta a littafi kowa na gani.

Kada ka jira fadar duka ta yarda. Ka nemi mutum huɗu ko biyar, ku sa rana biyu a mako, ku fara da gida biyu da makaranta guda. In kun yi wata uku ba ku fasa ba, ka sake rubuto mini ka gaya mini yadda dattawan suka karɓe ku da abin da ya ba ku wuya, in buga shi a wannan fili don matasan Cirozerin da Agadas su ma su karanta. Allah ya ba ku lafiya da juriya.