Kusurwar Turanci: kalmar "scrutinize" da inda ta samo asali

A wannan fitowa za mu tsaya kan kalma ɗaya da ke yawan bayyana a takardun ofis, a fom na neman makaranta, har da littattafan ɗalibai masu shirin jarrabawa. Kalmar ita ce scrutinize. Mun zaɓe ta ne saboda mun lura tana tayar wa wasu hankali. Mutum zai ga an rubuta masa "Your documents will be scrutinized", sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka ana zarginsa da ƙarya.

Ma'anarta ita ce a duba abu da tsanaki, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an tsallake komai ba. Wancan jimla tana nufin za a bi takardunka dalla-dalla, kamar yadda ake bin na kowa. Babu zargi a cikin kalmar kanta. Mace mai tsintar tsakuwa a shinkafa, da mai sayen akuya da ke buɗe mata baki yana duban haƙora, duk aikin da wannan kalma ke nufi suke yi.

Ana furta ta kusan kamar "sukurutinaiz", sai dai a haɗe farkon da sauri, "skru", kuma a nan ake danna murya. A Amurka ana rubuta ta da z, a Ingila kuma za ku riƙa ganin scrutinise da s. Duka biyun daidai ne.

Asalinta ya fi ba mu sha'awa. Kalmar ta fito daga Latin, harshen Rumawan dā. Suna da kalmar scruta, wadda ke nufin tsummoki, tarkace da tsofaffin kayan da aka yar. Masana kalmomi na danganta ta da aikatau scrutari, wato a tona, a bincika, yadda mai tsince-tsince ke juya tarin shara yana neman abin da zai sayu. Ashe kalmar da alƙalai da manyan jami'ai ke faɗa a yau, tushenta aikin 'yan jari-bola ne! In kun taɓa tsayawa gaban dilar gwanjo kuna ɗaga riga ɗaya bayan ɗaya, kuna duban ɗinki da hammata, to kun riga kun san ma'anar tun kafin ku ji kalmar. Mu ma a Hausa haka muka yi: da muka so mu ambaci bincike mai zurfi, sai muka ari aikin madafa muka ce tankaɗe da rairaya.

Daga bola sai kalmar ta shiga coci. A Latin na baya an samu scrutinium, kuma majami'ar Katolika ta yi amfani da ita wajen zaɓen shugabanninta. Babban taron Lateran na huɗu, da aka yi a birnin Rum a shekarar 1215, ya tsara cewa a naɗa amintattu uku su bi masu zaɓe ɗaya-ɗaya a asirce, su ji wanda kowa yake so, su rubuta. Har yau da wannan suna ake kiran ƙuri'ar zaɓen Fafaroma. Shi ya sa da scrutiny ta shiga Turanci a ƙarni na 15, ma'anarta ta farko ta shafi karɓar ƙuri'u ne. Aikatau ɗin scrutinize bai bayyana ba sai wajen shekarun 1670.

Waɗanda ke sauraron labarai da Faransanci a Nijar, Chadi ko Kamaru sun saba jin le scrutin a lokacin zaɓe. Uwa ɗaya ta haife su. Faransanci ya riƙe ma'anar ƙuri'a a wannan kalma, Turanci kuwa ya karkata ga duban ƙwaƙwaf. Don haka a kula, kada wanda ya yi makarantar Faransanci ya fassara scrutinize da "jefa ƙuri'a".

Tana da 'yan uwa a ma'ana, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Check dubawa ce ta ɗan lokaci don a tabbatar. Inspect dubawar hukuma ce, kuma daga danginta muka sami kalmarmu ta sufeto. Scrutinize ta fi su ƙwaƙwa, domin mai yin ta yana neman ɗan ƙaramin abin da ido zai iya tsallakewa.

Wajen haɗa jimla, abin da ake dubawa yana biyo ta kai tsaye, ba a sa at ko on a tsakani. A ce "She scrutinized the receipt", wato ta bi rasidin layi-layi. Idan kuma aka ce wani abu yana "under scrutiny", to an sa masa ido ana bin diddiginsa. Akwai kuma inscrutable, wadda ake faɗa wa fuska ko halin da ba a iya gane abin da ke ƙarƙashinsa, irin mutumin da muke cewa yana da zurfin ciki.

Ga aikin gida. Kowa ya ɗauko katinsa na rajista da takardun haihuwar yara, ya yi musu irin wannan duba: harafin suna ɗaya-ɗaya, ranar haihuwa, sunan gari, yawan mutanen gida. Usman da Ousmane suna ɗaya ne a bakinmu, amma a kwamfuta suna iya zama mutum biyu. Wanda bai iya karatu ba ya nemi wanda ya yarda da shi ya karanta masa a bayyane, kuma wanda ya ga kuskure ya kai wa ma'aikatan rajista su gyara. Ɗalibai kuma su rubuta jimla biyu, ɗaya da scrutinize, ɗaya da scrutiny, su nuna wa malaminsu na Turanci.