Masara Mai Zaƙi a Garkar Gida

Kusan kowane gida a garinmu yana da 'yar garka inda ake shuka kuɓewa da yakuwa da masara. Amma masarar da zan yi magana a kanta ba irin ta tuwo ba ce. Ana kiranta masara mai zaƙi, kuma tun ba ta ƙosa ba ake cinta, a dafa ko a gasa. Akwai fara, akwai rawaya. Rawayar ta fara yin suna ne a Amurka a 1902, da wani iri da ake kira Golden Bantam.

Wanda ya ga irinta a hannu zai ce lalatacce ne, domin duk ya yamutse. Dalili kuwa shi ne, masararmu tana mai da sukarin cikin ƙwayarta ya zama gari, ita kuwa wannan ba ta iya yin haka sosai. Saboda haka idan ta bushe sai ta motse.

Shukarta ba wuya. A zuba takin awaki ko na kaji wanda ya ruɓe, a yi kunya, a bar santimita 75 tsakanin layi da layi, 25 kuma tsakanin rami da rami. Tana son ruwa, musamman lokacin da za ta yi goyo. Sai dai a riƙa leƙa cikin kan ganyen da safe, saboda tsutsar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016 a can take ɓuya.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ga inda mutane da yawa suke yin asara. Furen da ke can saman kara yana zubar da wata ƙura mai ruwan ɗorawa, iska ce ke kai ta kan gemun masarar. Kowane silin gemu ƙwaya ɗaya yake haifarwa, wanda ƙurar ba ta taɓa ba kuwa sai a ga giɓi a wurinsa. Shi ya sa a gidanmu ba mu shuka ta layi ɗaya a jikin katanga, ko da yake haka ya fi kyan gani. Gajerun layuka 4 kusa da juna sun fi dogon layi ɗaya.

Iska kuwa ba ruwanta da iyakar gona. Idan masarar tuwo ta maƙwabci ta yi fure lokaci ɗaya da taku, ƙurarta za ta sauka a kan gemun taku, ƙwayoyin su fito da tauri, ba zaƙi. An sayi iri da tsada, an ci masarar da ke ko'ina! Maganin abin shi ne a tambayi maƙwabci ranar shukarsa, a bar mako 2 ko 3 tsakani.

Saura karya. Kimanin kwana 20 bayan gemu ya fito, idan ya bushe ya yi duhu, a ɗan buɗe ɓawon a danna ƙwaya ɗaya da farce. In ruwa fari kamar madara ya fito, ta yi. Daga sa'ar da aka karye ta zaƙin yake fara raguwa, balle a zafinmu, don haka ni a ganina a ɗora tukunya kafin a shiga garka.

Ga roƙona ga iyayenmu. Idan ta nuna muna makaranta, don Allah kada a ce sai mun dawo hutu. Kwana kaɗan take yi a haka. Ku ci, ku ba maƙwabta, a rubuto mana yadda ta yi.