Addu'ar Uwa: Darasi Daga Labarin Monika Da Ɗanta Agustin

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji, ko da na kwana bakwai ne, ya san irin yaron nan da ke sa malami ya kusa fid da tsammani. An yi masa faɗa, an lallashe shi, an kira ubansa, duk a banza. A gida ma haka ne, da wuya ka sami zuriyar da ba ta da wani wanda a ke kwana da baƙin cikinsa. To, in magana ta ƙare, dabara ta ƙare, me ya rage ga mai ƙaunarsa? Kiristoci su kan ce abu biyu ne suka rage, ba su kuwa rabuwa da juna: ka yi masa addu'a, ka kuma yafe masa. Misalin da suka fi kawowa a kan wannan shi ne na wata mace 'yar Afirka ta Arewa, ana ce da ita Monika. Labarinta na ke so mu duba tare.

Asalin Koyarwar

Kafin mu shiga labari ya kamata mu san inda maganar ta samo tushe. A cikin addu'ar da Isa Almasihu ya koya wa almajiransa, wadda ke Linjila ta Matiyu sura 6, an haɗa gafarar da mutum ke nema wurin Allah da wadda shi ya ke yi wa masu yi masa laifi. A Linjila ta Luka sura 23 an faɗi cewa shi kansa ya roƙa wa waɗanda suka gicciye shi gafara. Istifanus kuma, cikin Ayyukan Manzanni sura 7, ya yi wa masu jifarsa irin wannan roƙo yana bakin mutuwa. Saboda haka ga Kirista, yi wa wani addu'a ba ta tsaya ga masoyi kaɗai ba, ta kai har ga wanda ya cuce ka.

Gidan Monika

An haifi Monika wajen shekarar 331 a garin Tagasta, wanda yanzu a ke kira Suk Ahras, cikin ƙasar Aljeriya. A zamanin nan ƙasar tana hannun Rumawa. Iyayenta Kirista ne, amma aka aurar da ita ga wani mai suna Fatrisiyus, wanda ba Kirista ba ne. Yana cikin 'yan majalisar garin, ko da ya ke ba shi da wata dukiya mai yawa. Mutum ne mai kyauta, amma ga saurin fushi, ga neman mata.

A nan Monika ta fara koyon sana'ar haƙuri. In mijinta ya hasala ba ta tanka masa, sai ya huce sa'an nan ta bayyana masa inda ya yi gaggawa. Barorin gida suka yi ta kai tsegumi har suka ɓata tsakaninta da uwar mijin, amma ta yi ta kyautata wa tsohuwar, har ita da kanta ta gane makircin, ta sa ɗanta ya hore su. Akwai kuma wani hali nata da ya cancanci a rubuta da ruwan zinariya. In mata biyu suka yi faɗa, kowace ta zo ta amayar mata da abin da ke cikinta, ba ta kai wa ɗayar kome sai kalmar da za ta kawo sulhu. Sauran ta binne. Kafin Fatrisiyus ya mutu, wajen 371, sai da ya karɓi baftisma.

Ɗa Ya Kauce

A cikin 'ya'yanta akwai Agustin, wanda aka haifa ran 13 ga Nuwamba, 354. Yaro ne mai kaifin basira ƙwarai. Ya yi karatu a Tagasta da Madaura, sa'an nan aka tura shi Kartaj, babban birnin da kangonsa ke kusa da Tunis ta yau, don ya koyi ilmin fasahar magana. Can ya ajiye wata mace ba da aure ba, ta haifa masa ɗa a 372, aka sa masa suna Adeyodatus. Wajen 373 kuma ya shiga ɗariƙar mabiya Mani.

Shi Mani mutumin daular Farisa ne, an haife shi a 216. Ya koyar cewa haske da duhu iko biyu ne masu yaƙi da juna tun azal, mugunta kuwa aikin duhun da ke gauraye cikin jikin mutum ne. Wannan koyarwa ta yi wa saurayin daɗi, gama in ya yi laifi sai ya ce ba shi ne ba, wani abu ne a cikinsa. Wanda kuwa bai yarda laifi nasa ne ba, yaya zai nemi gafara?

Da ya komo gida da wannan aƙida yana yi wa addinin uwarsa ba'a, sai Monika ta hana shi zama gidanta da ci tare da ita. Ana nan sai ta yi mafarki tana tsaye bisa wani ma'auni na katako tana kuka, wani saurayi mai haske ya ce ta duba gefenta, ta duba, sai ga ɗanta tsaye tare da ita. Da ta ba shi labari ya so ya murɗe fassarar, wai ita ce za ta bi shi. Nan take ta gyara masa, ta ce shi aka nuna ya zo inda ta ke. Daga ranar ta buɗe masa ƙofa, gama hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ba ta tsaya nan ba. Ta tafi wurin wani bishop, watau babban limamin Kirista, wanda shi kansa ya taso cikin ɗariƙar Mani kafin ya bar ta. Ta roƙe shi ya yi muhawwara da ɗanta. Ya ƙi. Ya ce yaron bai isa jin magana ba tukuna, gama sabon ilmi na ɗibarsa, ga alfaharin kada mutane a gardama. A ƙyale shi, karatunsa ne zai nuna masa kuskurensa, ita dai ta riƙa yi masa addu'a. Ta nace da kuka har ya ƙosa, ya sallame ta da tabbacin cewa hawaye irin nata ba su zuba a banza. Wannan 'yar magana ita ta riƙe shekara da shekaru, tana zuwa majami'a safe da maraice. Agustin kuwa ya yi wajen shekara 9 cikin ɗariƙar.

Daren Kartaj

Ga inda labarin ya fi ban tausayi. Agustin ya zama malami a Kartaj, amma rashin ladabin 'yan makarantar ya gundure shi, don su kan faɗo cikin aji da hargowa su watsa darasi. A 383 ya ƙudura ya haye teku zuwa Rum. Monika ta bi shi har bakin ruwa ta riƙe shi, ko dai ya fasa, ko ya tafi da ita. Tana tsoron in ya yi nisa ya ɓace mata ke nan har abada.

Sai ya yi mata ƙarya. Ya ce wani abokinsa ya ke rakiya, suna jiran iska. Ya lallashe ta ta kwana a wani ɗakin ibada kusa da jirgin, wanda aka gina don tunawa da Sifiriyan, bishop na Kartaj da aka kashe a 258. Ta kwana tana roƙon Allah kada ya bar shi ya tafi. Cikin daren iska ta taso, jirgi ya tashi. Da gari ya waye ta fito, ba jirgi, ba ɗa.

Ku auna wannan da kyau. Ɗan da ta ke kuka dominsa ya yaudare ta, addu'ar da ta kwana tana yi kuma ga alama an ƙi ta. Ta yi kuka mai zafi, ta zarge shi da yaudara da rashin tausayi, ba ta ɓoye ɓacin ranta ba. Amma da ta gama sai ta koma ga yi masa addu'a, ta kama hanyar gida.

Milan Da Ostiya

A Rum ya yi ciwo har ya kusa mutuwa. Da ya warke ya tarar 'yan makarantar can suna da ladabi, amma in lokacin biyan kuɗin malami ya zo sai su haɗa baki su koma wurin wani. A 384 ya sami aikin koyarwa na hukuma a Milan, inda fadar sarkin Rumawa ta ke a lokacin. A can ya gamu da bishop Ambros. Da fari ya kan je sauraron wa'azinsa don ya auna fasaharsa kurum, amma a hankali ma'anar ta bi kalmomin ta shige shi.

Monika ta iske shi a 385. A teku hadari ya taso musu, har ita ce ta riƙa ƙarfafa wa matuƙan jirgin zuciya. A 386, wata rana Agustin na cikin lambu yana kuka don ya kasa rabuwa da halinsa, ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana maimaita wata 'yar waƙa. Ya ɗauke ta umurni ne ya yi karatu. Ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, idonsa ya faɗa kan ƙarshen sura 13, shakkarsa ta yaye. Shi da abokinsa Alifiyus suka shiga gida, Monika suka fara gaya wa. A daren Ista na watan Afrilu, 387, Ambros ya yi wa Agustin da ɗansa da Alifiyus baftisma. Tun shigarsa ɗariƙar Mani zuwa ranar, wajen shekara 14 ke nan.

Ga abin mamaki: tafiyar nan da ta kwana tana roƙo a hana, ita ce ta kai shi wurin Ambros. Agustin da kansa ya fassara abin da cewa an hana ta roƙon dare guda don a ba ta roƙon dukan ranta.

Suka kama hanyar komawa Afirka. A Ostiya, tashar jiragen Rum, zazzaɓi ya kama ta, ta rasu a rana ta 9 ta ciwon, tana cikin shekararta ta 56. Da ma ta tanadi kabari kusa da na mijinta a Tagasta, amma ta ce wa 'ya'yanta kada su damu da inda za su binne ta, su dai riƙa tunawa da ita cikin addu'a. A 1945 waɗansu yara suna haƙa rami a Ostiya suka tono ɓarin dutsen da aka rubuta a kabarinta. Agustin ya zama bishop na Hifo, watau Annaba ta yau, ya rasu can ran 28 ga Agusta, 430. Labarin nan duka yana cikin littafin da ya rubuta da Latin wajen 397 zuwa 400, mai suna Confessiones, watau furta laifi da yabon Allah.

Abin Lura

Na fari, yafewa ba ita ce ƙaryata zafi ba. Monika ta faɗi laifin ɗanta da sunansa, sa'an nan ta ƙi barin laifin ya yanke addu'arta. Da wuya mutum ya daɗe yana roƙa wa wani alheri yana kuma riƙe da shi a zuci, lalle ɗayan zai kori ɗayan.

Na biyu, ku lura da hikimar bishop ɗin nan. Ya gane saurayi mai ji da kansa, in ka kada shi a gardama, ƙara taurin kai zai yi. Wannan ya shafe mu da mu ke koyon aikin malanta. Ba kowane yaro a ke gyarawa da magana a ranar ba, wani sai a bar masa ƙofa a buɗe a jira shi.

Na uku, mai ɗauke da nauyin wani shi ma yana bukatar a tallafe shi. Bishop bai ba Monika abin da ta zo nema ba, kalma guda ya ba ta, ta yi guzuri da ita. In ka ga ɗan'uwanka cikin damuwa ba ka da maganinta, kada ka raina kalmar ƙarfafawa.

Na huɗu, mai yi wa wani addu'a ba tsarkakke ba ne. Agustin bai ɓoye aibin uwarsa ba. Tana yarinya ta saba kurɓar ruwan inabi a ɓoye, sai da wata baiwa ta yi mata gori ta bari. A Milan kuma tana cikin waɗanda suka matsa ya nemi auren gidan manya, har aka raba shi da uwar ɗansa, aka mai da ita Afirka ba tare da yaron ba, bayan zaman fiye da shekara 10. Don haka bayan rasuwarta sai abin ya juya: ɗan da aka yi wa addu'a ya koma roƙa mata gafara, yana kafa hujja da cewa ita ma ta yafe wa masu yi mata laifi. Ya kuma roƙi duk mai karanta littafinsa ya tuna da ita da Fatrisiyus.

To, 'yan'uwa, kowa ya duba zuciyarsa. Akwai wanda ka riga ka soke sunansa, ko ƙane, ko aboki, ko wani yaro a ajin da ka ke gwajin koyarwa? Ranar da jirgin nan ya bar Kartaj, ba wanda zai ce maƙaryacin da ke cikinsa zai zama malamin da a ke karanta littattafansa bayan shekara 1,600. Mahaƙurci mawadaci. Allah ya ba mu haƙuri da yaran da za a danƙa mana, ya sa kada mu yi saurin fid da rai da kowa. Amin.