Yadda Yaran Gida Za Su Riƙe Murya a Waƙar Bin-sawu

Da zarar watan Mauludi ya gabato, ko makaranta ta sa ranar bikin raba kyaututtuka, gidajen Haɗeja kan cika da muryoyin yara masu bitar waƙa. Yawanci salon da muka gada ake bi: jagora ya bayar, 'yan amshi su karɓa. Akwai kuma wani salon da malaman waƙa na makarantun boko da mawaƙan coci suka fi sani, wanda Turawa ke kira kanon, mu kuma mu ce waƙar bin-sawu. Karin waƙar ɗaya ne. Rukunin farko ya fara, in ya ci ɗango guda sai na biyu ya ɗauko daga farko, na uku ya biyo baya, kowa na tafiya ba ya jiran kowa. In an dace, muryoyi su sarƙu gwanin daɗi. In ba a dace ba, maƙwabta su leƙo su tambayi ko lafiya. Abin da ke raba biyun nan kunne ne, maƙogwaro biye yake.

1. A fara da matakalar murya. Do, re, mi, fa, so, la, ti, do: sunaye ne da aka raɗa wa hawa-hawan murya don yaro ya san inda ya taka. Wani malamin coci ɗan Italiya, Guido na garin Arezzo, ya shimfiɗa tsarin a ƙarni na 11 da sunaye shida, daga baya aka ƙara na bakwai. A ƙarni na 19 John Curwen ya yaɗa shi a Ingila, 'yan mishan suka shigo da shi Najeriya. A tsarin Curwen, “do” ba shi da mazauni ɗaya. Duk inda muryar ƙaramin cikin yaran ta zauna ba tare da yunƙuri ba, nan ne “do” na gidanku. Minti biyar kullum, hawa da sauka a hankali, ya fi awa guda ranar Juma'a.

2. Kada a ɗora musu duka bakwai a makon farko. A ɗauki biyar: do, re, mi, so, la. Yawancin waƙoƙin gaɗa da na reno a kan matakai biyar suke tafiya, don haka kunnen yaranmu ya riga ya saba. Wani alfanun kuma, biyar ɗin nan ba su cika karo da juna ba ko an rera su lokaci ɗaya. Fa da ti su jira tukuna.

3. A kafa turke. Wayar hannun uwargida ta isa: akwai manhajojin piyano kyauta. A danna sauti ɗaya, kowa ya saurara baki rufe, sannan a yi gunjinsa a hanci, sannan a buɗe baki. In an gama waƙar a sake danna sautin, a ji ko inda aka tashi nan aka sauka. In babu waya, babbar yaya ta riƙe “do” da dogon numfashi, ƙanne su yi ta hawa da sauka a kansa, su riƙa dawowa suna same ta.

4. A san dalilin da murya ke zamewa ƙasa. Wannan ita ce cutar da ta fi kama masu bin-sawu, kuma a ɓoye take zuwa: kowane zagaye a sauka kaɗan, kafin zagaye na biyar ƙananan yara sun koma gurnani. Dalili na farko numfashi. Yaro ya ja iska a ƙirji kawai, ta ƙare masa kafin ƙarshen ɗango, wutsiyar muryar ta sunkuya, mai bin sa kuma ya ɗauka daga inda ya tarar. A koya masa ya dafa cikinsa, ya ji yana cika in ya shaƙa, kafaɗu ba su ɗaga ba. A kuma yanke wuraren shan iska tun kafin a fara, kowa ya san su. Na biyu saukowa: mutum kan taƙaita taku in yana hawa, ya kuma zarce in yana gangarowa. Maganinsa a ce wa yaro ya buɗe taku a hawa, ya tsuke shi a sauka, musamman tsakanin mi da fa, da tsakanin ti da do, inda tazarar rabin taku ce kawai. Na uku zama. Wanda ya lanƙwashe a tabarma ya sa haɓa a ƙirji ba zai riƙe murya ba, ko ɗan wane ne. A miƙe tsaye. Na huɗu gajiya, ita kuwa ba ta da magani sai a tashi a bari sai gobe.

5. Kada a raba rukuni sai kowa ya haddace waƙar, ana rera ta baki ɗaya ba tuntuɓe. Da sunayen matakala tukuna, sannan da kalmomi.

6. A gyara shiga. Duk wadda ta taɓa lugude ta san sirrin: taɓarya biyu ko uku a turmi ɗaya, kowace da lokacin saukarta, wadda ta yi gaggawa ta haɗa taɓarya da ta 'yar'uwarta. A sa mutum ɗaya yana tafi ko yana buga bayan ƙwarya ba sauri ba nawa, a ƙirga bugu nawa rukuni na biyu zai jira. Matakin farko ma ba sai an raba yara ba: su rera tare, uwa ita kaɗai ta biyo su a baya can ƙasa-ƙasa. In sun jure ba su karkata zuwa gare ta ba, sai a raba su biyu. Rukuni uku sai biyu sun zauna daram.

7. A hana toshe kunne. Yara kan sa yatsa a kunne, ko su ɗaga murya don su danne ɗaya ɓangaren. Ranar za a kai ƙarshen waƙa, amma ba a koyi komai ba. Dokar ita ce: in ba ka jin na kusa da kai, muryarka ta yi yawa. A fara da tsayawa nesa da juna, wasu bakin madafi wasu gindin rijiya, kullum a matso kaɗan har a tsaya da'ira ɗaya. Zaure ya fi tsakar gida, don bango na maido da murya mutum ya ji kansa. A kuma kunna musu Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, su bar jagoran su bi 'yan amshinsa da kunne, su ji yadda karɓi da ƙari ke hawa kan juna ba wanda ya ture wani. Ba bin-sawu ba ne, amma ban san makarantar kunne da ta fi ta ba.

8. A kula da Hausar da za a ɗora a kai. Harshenmu mai karin sauti ne: kukan yaro da kukar miya hawa da saukar murya ne ya bambanta su. Karin waƙar da aka aro daga waje yakan murɗe kalma har ma'ana ta gudu. A fara faɗin ɗangon da bakin magana, a ji inda ya hau da inda ya sauka, sannan a nemi karin da ya bi shi. Haka gaɓa mai nauyi ta sami dogon sauti, marar nauyi gajere. Mai son ganin yadda ake auna gaɓa ya duba rubutattun waƙoƙin ɗan garin nan, Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958. Sannan ba kowace waƙa ke karɓar bin-sawu ba. A gwada da mutum biyu, in ta yi karo a bar ta a salonta na amshi. Karatun Alƙur'ani kuwa ba ya cikin wannan magana, yana da tajwidinsa da malamansa.

9. A lura da lokaci da maƙogwaro. Ƙurar hunturu na busar da murya, haka hayaƙin murhu da na maganin sauro, wanda gidajen bakin fadama ba sa rabuwa da shi da damina. A yi bita kafin a kunna shi, da ruwa mai ɗumi a kusa. Yaron da muryarsa ta dushe ya huta, ya riƙe tafi. Namijin da muryarsa ta fara fashewa wajen shekara 13 ko 14, kada a yi masa dariya, kada kuma a tilasta masa hawa inda ƙannensa ke hawa. A ba shi “do” na ƙasa ya zama shi ne turken gidan, har muryar ta zauna.