Mai Tsaron Gida Da Ya Rufe Fuskarsa

A ƙasar Kanada sanyi yakan tsananta har ruwa ya daskare, ya yi tauri kamar dutse. Bisa ƙanƙarar nan ake yin wani wasa wai shi hoki. 'Yan wasa sukan sa takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi, suna bugun wani ɗan faifan roba mai tauri da sanduna. Kowane gefe mutum 6 ne, ɗayansu mai tsaron gida.

Jacques Plante, wanda aka haifa cikin 1929, shi ke tsare wa ƙungiyar Montreal Canadiens gida. A zamaninsa fuska buɗe masu tsaron gida suke tsayawa, ga shi kuwa faifan nan in an buga ya fi mota gudu. Ran 1 ga Nuwamba 1959, a birnin New York, faifai ya fasa masa fuska. Da aka ɗinke raunin, sai ya ce ba zai koma ba sai da marufin fuska da yakan sa wajen gwaji. Mai koyar da su, Toe Blake, bai so ba, amma ba shi da wani mai tsaron gida daren nan. Tilas ya yarda. Suka ci 3 da 1.

Waɗansu suka riƙa ce masa matsoraci. To, yara, matsoraci yakan koma fili da ɗanyen ɗinki a fuska? Sannu a hankali sauran masu tsaron gida suka yi koyi da shi.

Cikin 1965 ya tsare wa samarin Montreal gida, suka doke 'yan wasan Tarayyar Sobiyat 2 da 1. Ya rasu cikin 1986.